An kashe ƙanena, shari'a ta tafi a banza: ta yaya za mu sa gwamnati ta kafa kwamitin bincike?

Tambaya: Wani mutum ya kashe ƙanena, alhali an sha kai ƙararsa wurin 'yan sanda tun kafin nan, kuma a kan beli yake a wata shari'ar lokacin da ya aikata. Da aka zo kotu sai aka ce wasu takardu sun ɓata, ba a kira manyan shaidu ba, hukuncin da aka yi masa kuwa bai kai ya kawo ba. Mun rubuta wa hukumomi, kowa sai ya tura mu wurin wani. An ba mu shawara mu nemi gwamnati ta kafa kwamitin bincike. Yaya ake yin haka, kuma yana da amfani?

Amsa: Allah Ya jiƙan ƙanenki, Ya gafarta masa, Ya ba ku juriyar wannan rashi. 'Yar'uwa, yana da amfani, kuma a irin abin da kika zayyana ina ganin haƙƙinku ne ku nema. Sai dai kafin ku fito kuna cewa a kafa kwamiti, ku zauna ku tantance wane irin kwamiti kuke so. Gwamnati ba ta rasa kwamitin da za ta miƙa wa mutane idan kuka ya ishe ta. Wanda ake shan wahala kafin a samu shi ne mai ikon aika sammaci, mai ɗaukar shaida bisa rantsuwa, wanda aka ba shi hurumin tambayar abin da ya dame ku, kuma dole a wallafa rahotonsa. Yawancin iyalan da na ga sun ci nasara ko sun faɗi, a wannan gaɓar ce abin ya rabu, tun kafin a yi zaman farko.

Ki fara da sanin abin da kwamitin ba zai yi miki ba. Ba kotu ba ce. Ba ya ɗaure kowa, ba ya ƙara wa wanda ya yi kisan ko da kwana ɗaya. Dokar Birtaniya ta 2005 kan kwamitocin bincike ta faɗa ƙarara a sashe na 2 cewa kwamiti ba shi da ikon yanke hukuncin laifi ko na biyan diyya a kan kowa, kuma a yawancin ƙasashe haka tsarin yake. Idan abin da ke ci miki rai shi ne sassaucin hukuncin, hanyarsa daban ce, ta ɗaukaka ƙara ko neman babban lauyan gwamnati ya sake duba shi, kuma wa'adinta gajere ne ƙwarai. A Ingila, misali, an daɗe ana ba da kwana 28 kacal daga ranar yanke hukunci. Ki tambayi lauya wa'adin da dokar ƙasarku ta sa tun a makon nan, kada ya wuce ku kuna can kuna rubuta wa minista.

To mene ne amfanin kwamitin? Kotun da ta yi shari'ar kisa mutum ɗaya take dubawa, wanda ke tsaye a akwatin masu laifi, da tambaya ɗaya: ya aikata ko bai aikata ba. Ba ta tambayar ɗan sandan da ya karɓi ƙorafi ya jefa a aljihun tebur, ko mai gabatar da ƙarar da bai yi jayayya da beli ba, ko alƙalin da ya bayar da belin ba tare da an nuna masa tarihin mutumin ba, ko ma'aikacin da fayil ya ɓata a hannunsa. Kowace hukuma da nata ɓangaren labarin, kuma kowace za ta rantse cewa laifin na maƙwabciyarta ne. Shi ya sa ake ta tura ku daga wannan ofis zuwa wancan. Kwamitin bincike na gaske shi ne wuri ɗaya da ake tara su duka, a jera takardunsu gefe da gefe, a ga wa ya san me, yaushe ya sani, me ya yi a kai.

Abu na farko da za a yi muku tayi shi ne hukumar da kuke ƙara ta binciki kanta. Ku karɓi sakamakon, ku adana shi, amma kada ku ɗauka an gama. An kashe Stephen Lawrence, matashi baƙar fata ɗan shekara 18, a unguwar Eltham ta Landan ranar 22 ga Afrilu 1993, yana jiran bas. Cikin 'yan kwanaki mutane suka kai wa 'yan sanda sunayen waɗanda ake zargi, amma sai da aka yi mako biyu ba a kama kowa ba. A shekarar 'yan sandan suka yi wa aikinsu bita da kansu, suka ce bai da wani aibu na a zo a gani. Sai a watan Fabrairu 1999 kwamitin tsohon alƙali William Macpherson ya yi fatali da wannan bita, ya ce binciken ya lalace ne saboda rashin ƙwarewa, da wariyar launin fata da ta yi jijiya a cikin rundunar, da gazawar shugabanni. Ya bayar da shawarwari 70.

Abu na biyu shi ne a ɗauko wani dattijo mai mutunci a ce ya duba takardu ya rubuta rahoto, ba tare da ikon kiran kowa ba. Wani lokaci wannan yana haifar da alheri, zan zo gare shi, amma haɗarinsa babba ne. A 1989 aka harbe lauya Pat Finucane a gidansa a Belfast da ke Arewacin Ireland, a gaban matarsa da 'ya'yansa. Alƙali Peter Cory na Kanada ya ba da shawara a 2004 a yi bincike a bainar jama'a. A 2011 gwamnatin Birtaniya ta ce a'a, bitar takardu za a yi. Bitar ta fito a 2012, ta tabbatar da cewa jami'an gwamnati sun haɗa baki da makasan, Firaminista ya nemi gafara, amma iyalin suka ƙi yarda a rufe maganar a nan, domin ba a tsayar da ko mutum ɗaya an yi masa tambayoyi a gabansu ba. Suka kai har Kotun Ƙoli, wadda ta ce a 2019 ba a taɓa yin binciken da ya cika sharuɗɗan doka ba. Sai a Satumba 2024 aka sanar da kafa cikakken kwamiti, shekara 35 bayan kisan. Ina ganin sun yi daidai da suka ƙi karɓar rabin abu, ko da yake na san abin da wannan tsayuwa ta ci musu.

Rahoton da aka yi cikin gaggawa don a kashe magana ya fi rashin rahoto illa, saboda daga ranar da ya fito shi za a riƙa ɗaga muku duk lokacin da kuka buɗe baki. Sojojin Birtaniya sun harbe mutum 13 a garin Derry na Arewacin Ireland ranar 30 ga Janairu 1972, wani kuma ya rasu daga baya. Cikin mako 11 babban alƙalin ƙasar, Widgery, ya fitar da rahoton da ya wanke sojojin kusan tas, ya bar zargi a kan mamatan. Iyalai suka rayu da wannan tabon har 1998, lokacin da aka kafa kwamitin alƙali Saville, wanda bai kammala ba sai Yuni 2010, ya ce babu ɗaya daga cikin waɗanda aka harba da ya yi abin da zai halatta harbinsa.

Yanzu ga inda nake so ki fi mayar da hankali: takardar da ke fayyace hurumin kwamiti. Yawanci ba ta wuce shafi ɗaya ko biyu, lauyoyin gwamnati ne ke tsara ta, kuma iyalai kan karanta ta cikin murna a ranar da aka sanar, ba su lura da abin da aka cire ba. Duk tambayar da ba ta ciki, shugaban kwamiti zai ce muku ba shi da ikon taɓa ta, kuma gaskiyarsa ce. A filin wasa na Hillsborough da ke Sheffield, ranar 15 ga Afrilu 1989, cunkoso ya hallaka magoya bayan Liverpool, waɗanda adadinsu ya kai 97 a ƙarshe. A binciken musabbabin mutuwa na farko, alƙalin ya yanke cewa ba zai saurari abin da ya faru bayan ƙarfe 3:15 na yamma ba, bisa zaton cewa zuwa lokacin duk wanda zai mutu ya riga ya wuce ceto. Da wannan layi ɗaya aka fitar da duk batun jinkirin motocin asibiti da gazawar aikin agaji daga cikin binciken, aka ce a 1991 haɗari ne kawai. Anne Williams, wadda ɗanta Kevin mai shekara 15 yana cikin mamatan, ta tattara shaidar cewa yana da rai bayan wancan lokaci, ta shafe sama da shekara 20 tana yaƙi da wannan ƙayyadewar. A 2012 kwamiti mai zaman kansa ya gano cewa mutum 41 suna da damar tsira da an agaza musu yadda ya kamata.

Ki ɗora wannan a kan naku lamarin. Idan takardar ta ce a binciki yadda 'yan sanda suka gudanar da bincike bayan kisan, to an bar ƙorafe-ƙorafen da aka kai kafin kisan a waje, an bar belin a waje, an bar ofishin mai gabatar da ƙara a waje. Ku nemi lokacin da za a duba ya fara daga ranar da aka fara kai ƙarar mutumin, ya ƙare da ranar yanke hukunci. Ku nemi a ambaci kowace hukuma da sunanta. Ku nemi a saka yadda aka riƙa mu'amala da ku, domin ɓoye wa iyali gaskiya shi kansa laifi ne da ya cancanci bincike. Batun alƙali yana da sarƙaƙiya: a ƙasashe da yawa kwamitin da ɓangaren zartarwa ya kafa ba zai iya tuhumar alƙali kan hukuncin da ya yanke ba, saboda 'yancin ɓangaren shari'a. Amma yana iya tambayar wane bayani aka gabatar wa alƙalin, wane aka ɓoye, wa ya kamata ya kawo shi. Sau da yawa amsar tana nan.

Ikon sammaci da rantsuwa ba ado ba ne. Kwamitin 2012 ya gano an yi wa bayanan 'yan sanda 164 kwaskwarima bayan Hillsborough, a 116 daga ciki an goge kalaman da ke sukar rundunar. Da aka gurfanar da tsofaffin 'yan sanda biyu da wani lauya kan haka, shari'ar ta rushe a Mayu 2021, domin alƙali ya ce an shirya bayanan ne don kwamitin alƙali Taylor da ya fara binciken lamarin a 1989, shi kuma wannan kwamiti na ma'aikata ne, ba zaman shari'a ba, don haka gyara abin da aka kai masa bai zama karkatar da shari'a ba. Wannan hukunci yana ɓata mini rai har yau. Ku tambayi duk wanda ya yi muku tayin kwamiti: a ƙarƙashin wace doka, kuma mene ne hukuncin wanda ya yi masa ƙarya ko ya ɓoye masa takarda?

Na ce bitar takardu kan yi amfani wani lokaci. Shi wannan kwamiti na 2012, ƙarƙashin Bishop James Jones, ba shi da ikon sammaci. Ya yi nasara ne domin gwamnati ta amince a buɗe masa takardu kimanin shafi 450,000, kuma aka fara nuna wa iyalai sakamakon kafin kowa. Daga nan babbar kotu ta soke hukuncin 1991, aka sake bincike, a Afrilu 2016 aka yanke cewa kashe su aka yi ba bisa doka ba, kuma magoya baya ba su da laifi. Saboda haka idan aka yi muku irin wannan tayi, abin dubawa shi ne ko za a buɗe komai, ko kuwa hukumar da ake zargi ce za ta zaɓi abin da za ta miƙa.

Yaya ake samun amincewar gwamnati? A yawancin ƙasashe shawara ce ta siyasa, tana hannun minista ko gwamna ko shugaban ƙasa ko majalisa, kuma kotu ba ta cika tilasta musu kafa kwamiti kai tsaye ba. Amma kuna da madogara a doka. Haƙƙin rayuwa da ke sashe na 6 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin jama'a da siyasa, da sashe na 2 na yarjejeniyar Turai, da sashe na 4 na ta Afirka, an fassara shi da cewa ya ƙunshi wajabcin binciken mutuwa, musamman inda ake zargin hukuma ta san akwai haɗari ta ƙi ɗaukar mataki. Ƙa'idojin Minnesota na Majalisar Ɗinkin Duniya, waɗanda aka sabunta a 2016, sun ce binciken ya zama cikin hanzari, mai inganci, mai zaman kansa, a fili, kuma da iyalin mamaci a ciki. Lauyanku ya gina wasiƙarku a kan waɗannan, ya nemi amsa a rubuce tare da dalilai. Ƙin amincewa da aka rubuta abu ne da za a iya kai wa kotu ta duba. Shiru kuwa ba ya kamuwa.

Hujjar da ta fi motsa gwamnati ita ce nuna cewa abin da ya same ku ba naku ba ne ku kaɗai. Iyali ɗaya ana iya lallashinsu da ta'aziyya da alƙawari. Iyalai biyar da suka rasa 'yan uwa a hannun mutanen da aka saki a kan beli ba tare da duba tarihinsu ba, wannan ya zama matsalar ƙasa. A Beljiyam an ɗaure Marc Dutroux shekara 13 da rabi a 1989 kan fyaɗe ga yara, aka sake shi a 1992, ya koma yana sace 'yan mata. 'Yan sanda sun shiga gidansa a ƙarshen 1995 alhali yara biyu suna kulle a ɗakin ƙasa, suka fita ba su gan su ba, kuma rundunonin tsaro daban-daban suna ɓoye wa juna abin da suka sani. Iyayen yaran ne suka ja gaba, mutum kusan 300,000 suka fito a Brussels a Oktoba 1996, majalisa ta kafa kwamitin bincike, aka rushe tsohon tsarin 'yan sandan ƙasar aka sake gina shi. Ku nemo waɗanda suka sha irin taku. Ɗan jarida mai bin shari'o'in kotu yakan san su.

Lokaci ma yana da nasa tasirin. Iyayen Lawrence sun samu kwamitinsu a Yuli 1997, wata biyu bayan sabuwar gwamnati ta hau, domin sun riga sun gana da Jack Straw, wanda ya zama ministan cikin gida, tun yana ɗan adawa. Na Hillsborough ya motsa ne bayan taron cika shekara 20 a 2009, inda jama'a suka katse jawabin minista Andy Burnham da kiran a yi adalci. Ku yi magana da 'yan majalisa na kowane ɓangare, ku karɓi alƙawari a rubuce, amma kada ku bari wata jam'iyya ta mayar da ƙanenku tutarta.

A gida kuwa, aikin da ke gabanku na takarda ne. Ku rubuta jerin abin da ya faru kwanan wata bayan kwanan wata: ranar da aka kai kowane ƙorafi, wa ya kai, wa ya karɓa, me aka ce. Waɗanda suka kai ƙarar mutumin tun farko su rubuta abin da suka tuna su sa hannu yanzu, kafin mantuwa ko tsoro ya shiga. Ku nemi kwafin kundin shari'ar daga kotu, har da zaman belin. Lauya ya rubuta wa kowace hukuma cewa ta adana duk takarda, rajista, saƙo da hoton kyamara da ya shafi lamarin, domin da yawa ana share su bisa ƙa'ida bayan wani lokaci, kuma wasiƙar ce za ta hana a ce ba a sani ba. Kada ku ba kowa takardar asali. Bayan kowace ganawa da jami'i, ku aika masa da gajeren saƙo na abin da aka tattauna. Ku zaɓi mutum ɗaya ya riƙa magana da yawun iyali, ya tsaya a kan abin da takarda ta nuna. Faɗin cewa fayil ya ɓata gaskiya ce da kuke da shaidarta. Faɗin cewa wane ya karɓi cin hanci, ba tare da hujja ba, zai jawo muku ƙarar ɓata suna ya kuma ba su abin fakewa. Idan aka zo da tayin diyya, ba laifi ba ne ku karɓa, haƙƙinku ne, amma lauya ya duba ko an saka sharaɗin yin shiru ko janye neman bincike.

Za a ce muku maganar tana kotu, a jira. Idan akwai ɗaukaka ƙara da gaske, jiran yana da ma'ana ga sauraron shaidu, amma bai hana a sanar da kwamiti, a naɗa shugabansa, a killace takardu ba.

Idan aka kafa, ku nemi a ba ku matsayin masu ruwa da tsaki a hukumance, da lauyan da zai ga takardu ya kuma gabatar da tambayoyi, kuma gwamnati ta biya shi. Kowace hukuma za ta zo da lauyoyinta da kuɗin jama'a, ba adalci ba ne ku zo hannu rabbana. Ku nemi a rubuta wa'adin wallafa rahoto tun a takardar kafawa. Kwamitin Oputa da aka kafa a Najeriya a 1999 ya karɓi dubban koke-koke, ya miƙa rahoto a 2002, gwamnati ba ta taɓa fitar da shi a hukumance ba, sai ƙungiyoyin farar hula ne suka watsa shi daga baya. Ku kuma nemi a ɗora wa wata hukuma ko kwamitin majalisa alhakin bin diddigin shawarwari. A Ostareliya babban kwamitin da ya binciki mutuwar 'yan asalin ƙasar 99 a tsare ya bayar da shawarwari 339 a 1991, kuma har yau iyalai suna fafutukar a aiwatar da da yawa daga cikinsu.

Ba zan ɓoye miki nauyin abin ba. Anne Williams ta rasu a 2013, ba ta ga hukuncin 2016 ba. Babu wanda aka ɗaure kan rayukan Hillsborough, kwamandan 'yan sandan ranar ma an wanke shi a 2019. A 2014 aka tabbatar da cewa 'yan sanda sun saka ɗan leƙen asiri a cikin masu taya iyalin Lawrence fafutuka. Duk da haka, shawarar Macpherson ce ta kai ga dokar 2003 da ta ba da damar sake gurfanar da wanda aka taɓa wankewa idan sabuwar hujja mai ƙarfi ta fito, kuma da ita aka samu damar ɗaure ɗaya daga cikin mutum biyun da aka kama da laifin kisan Stephen Lawrence a Janairu 2012. Ku tattauna a gida tun yanzu wa zai iya ɗaukar wane aiki. Idan iyayenku ba za su iya jure maimaita labarin a gaban jama'a ba, a bar su, ku 'ya'ya ku riƙe, ku riƙa sanar da su abin da ake ciki. Wanda ya gaji ya huta, wani ya karɓa, kada a zarge shi.

Wasiƙarku ta farko kada ta wuce shafi biyu. Ta ƙunshi jerin kwanakin, sunayen hukumomin da abin ya ratsa ta hannunsu, tambayoyi uku ko huɗu da har yanzu ba wanda ya amsa, dokar da kuke so a kafa kwamitin a ƙarƙashinta, da buƙatar a zauna da ku kafin a rubuta huruminsa. Ku aika wa ministan shari'a, ku ba ɗan majalisarku da hukumar kare haƙƙin ɗan'adam ta ƙasa kwafi, ku karɓi shaidar cewa ta isa, ku sa musu ranar da kuke jiran amsa.